Duwatsun Jikata a Cikin Gota

Gidanmu a Nima yake, cikin Ankara ta ƙasar Gana, layin ƙarshe kafin ka tsallaka Maamobi, bayansa yana kallon babbar gota. Baƙo in ya ji an ce gota sai ya ɗauka 'yar kwatar wanke-wanke ce. Rafi ne guda. Lokacin da aka kawo ni gidan nan ina amarya, ruwansa a kan tsakuwa yake gudu, a ciki muke wanki, da yashinsa muke goge tukwane. Daga baya mutane suka yi yawa, shara ta yi yawa, hukuma ta zo ta zuba siminti a wasu wurare ta bar wasu. Namu ɓangaren yana cikin waɗanda aka bari. Har yau ƙasansa tsakuwa ce da yashi, kuma daidai bayan katangarmu ruwan yake karya kwana.

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Amma ku tambayi kowa a layin nan. Koko da ƙosai na sayar a bakin titi har ƙafafuna suka ce sun gaji. Rabin magidantan unguwar nan ni na yi musu wankan jarirai. In miji da mata sun ɓata, ni ake kira, kuma ban taɓa ɗaukar goro na je ba da haƙuri na dawo da kunya ba. In na yi magana a tsakar gida, ana ji. Na saba da haka, kuma sabon nan ne ya kai ni inda ya kai ni bara.

Ina da jika, 'yar 'yata ta fari, ita ce ta fara shiga jami'a a zuriyarmu. Karatun ruwa take yi, yadda yake tafiya da abin da yake ɗauka. A can makaranta take kwana, sai ƙarshen mako take leƙo mu. Bara ce shekararta ta ƙarshe. Saura aiki guda ta yi, ta rubuta, a ba ta takardarta tare da 'yan ajinsu, kuma akwai wurin aikin da ya ce zai ɗauke ta da zarar ta gama.

Dab da faɗuwar damina ta zo ta same ni ina haɗa kaya. Ƙanwata ba ta da lafiya a Kumasi, zan je jinya.

Ta ce, “Kaka, aikina na ƙarshe a gotar nan zan yi shi.”

Na ce, “Mun kai ki jami'a don ki fita daga gota, ke kuma kin je kin karanto hanyar komawa ciki?”

Ta yi dariya. “Tsohuwar nan, ki tsaya ki ji mana.”

“Ina ji. Miƙo min wancan mayafin.”

Ta yi ta bayani. Na ji ta ambaci kwamfuta, na ji yashi, na ji tsakuwa. Ni kuwa hankalina yana kan ko in tafi da kuka da daddawa ko a can zan saya. Da na ga bakinta ya tsaya na ce Allah ya ba da sa'a, abin da nake faɗa ke nan in ina so a rufe magana. Ta ɗaukar min jaka har tasha.

Na daɗe a Kumasi. Ina can aka buga min waya aka ce an yi ruwa a Ankara irin wanda ke ɗauke kiyos, shagon katako, ya ajiye a wata unguwa. Da jikin ƙanwata ya ɗan yi sauƙi na kamo hanya, na iso gida da hantsi. 'Yata ta riga ta tafi kasuwar Makola inda take sayar da atamfa. Ko mayafi ban cire ba na zagaya bayan gida, don duk bayan babban ruwa sai na duba ko ya ci gindin katanga.

Katanga lafiya lau. Amma a ƙasa, a kwanar nan, kan sabon yashin da ruwa ya tara, ga duwatsu jajaye. Wasu kamar ƙwai, wasu kamar dunƙulen hannu, 'yan ƙanana kuma rawaya. Wasu a fili, wasu yashi ya binne su rabi. Kowanne da baƙin rubutu a jikinsa. Kuma duk faɗin gotar nan, gindin katangata suka fi taruwa.

Ku fahimce ni. A rayuwata rubutu wurinsa biyu ne, allo da takarda. In ka ga rubutu a jikin ƙwai, ko ƙwarya, ko wuƙa, to aikin wani ne. Ga ƙafata ta hagu da ta kumbura tun kafin azumi. Ga ciwon ƙanwata da likitoci suka kasa sa wa suna. Ga hirar da matan jinya suka cika min kunne da ita, ta abin da aka tono a ƙofar wance da abin da aka samu a rufin wane. Da wannan kan na dawo. Ban tuna jikata ba ko kaɗan.

Na ƙwala wa maƙwabciyata kira. Mutuniyar Tamale ce, gawayi take sayarwa, mun tsufa tare katanga ɗaya. Ta leƙa ta ja da baya ta dafe ƙirji.

“Ei, Mma Hajiya! Wannan ba kyau sam. Wani ya sa maka hannu.”

Ita Hausarta haka take, kowa namiji ne. Na ce ta kawo min murfin tukunya da muciya. Muka turo dutse ɗaya kan murfin, na ɗauka a nesa da jikina har masallacin layinmu.

Liman yana zaune a inuwa. Yaro ne a wurina, ni na yi masa wankan jariri. Ya sa tabarau, ya miƙa hannu tsirara ya ɗauki dutsen, har da shinshinawa.

Ya ce, “Hajiya, wannan fenti ne, irin na ƙofa. Rubutun kuma lambar boko ce, ba hatimi ba. Kwanaki mai unguwa ya aiko cewa wasu ɗalibai za su yi aiki a gota, can wajen gada. Ki bar su yadda suke, a tambaya tukuna.”

Na ce, “Malam, ina gada, ina katangata?”

“Ai ruwa na tafiya da abu, Hajiya.”

“Ruwan ne ya san gidana ya zaɓe shi?”

Ya ce in yi haƙuri zuwa la'asar. Na karɓi dutsena na juya. A raina na ce malaman zamani ke nan, sun yi karatu a waje sun dawo ba su yarda da komai ba. Ya ce ɗalibai da bakinsa, na ji da kunnena, kuma ina da ɗaliba a gida. Amma na riga na faɗa gaban maƙwabciya cewa sammu ne, kuma ban saba in faɗi abu da safe in janye shi kafin azahar ba.

Na tara matan layi. Kowa ta ɗaura leda a hannu, ta tattare zane, suka gangara da kwanoni. Ni ina bakin gaɓa da sandata ina nunawa. Ga ɗaya can. Ga wani a ƙarƙashin tayar nan. Waɗanda yashi ya binne muka sa fartanya muka tono. Muka bi gotar sama har kusa da gada, muka bi ta ƙasa har inda siminti ya fara. Ina ta cewa kada a bar ko ɗaya. In ina aiki ba na yin rabi, wannan kowa ya shaide ni. Da muka dawo tsakar gida na sa aka zuba gishiri da toka, aka kawo soson ƙarfe, aka dirje su har rubutun ya fita. Muka shanya su a tabarma, da niyyar in sa a kai su teku a zubar. Na dama wa mata koko, ana ta yi min sannu, ana cewa Allah ya tona asirin mai yi. Na zauna a kujerata ina jin kaina kamar wadda ta dawo daga yaƙi.

Bayan azahar sai ga jikata, da takalman roba har gwiwa, da igiyar awo a kafaɗa, tare da ƙawarta 'yar ajinsu. Fuskarta kamar ranar salla.

“Kaka, sannu da hanya! Ya mai jiki? Bari in zo mu gaisa sosai, jiya ruwa bai janye ba, yau za mu auna.”

Suka zagaya baya da sauri, ba ta ma kula da tabarmar ba. Na ji muryoyinsu suna sauka, sai na daina ji. Can ta dawo ita kaɗai, a hankali.

“Kaka, ko kin ga wasu duwatsu masu fenti a…”

Idonta ya sauka kan tabarma.

Abin da na fara ji sanyi ne a zuciya. Ashe ba wanda ya yi min komai. Har dariya na yi. Na ce, “Au, naki ne? To ga su nan, ko ɗaya bai ɓata ba. Har wanka mun yi musu.”

Ta durƙusa ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta ɗauki wani ta juya. Ƙawarta ta shigo ta tsaya ta rufe baki da hannu. Jikata ta zauna a ƙasa daɓas, da takalman robarta, kamar ƙaramar yarinya.

Ta ce, “Kaka, ba duwatsun nake so ba. Duwatsu ai ga su cike da gota. Inda ruwa ya ajiye kowanne nake so.”

Sai a lokacin na saurari bayanin da na ƙi saurara ranar tafiyata. Ta ce ta gina gotarmu a cikin kwamfuta, da faɗinta da zurfinta da kwanarta. Tana zuba mata ruwan ƙarya, kwamfuta ta nuna inda tsakuwa za ta tsaya da inda yashi zai taru har ƙasan gota ya taso. In ƙasa ya taso ruwa ba ya samun wurin wucewa, sai ya hau gidaje. In an san inda yake taruwa, an san inda za a haƙa da inda za a gyara. Amma ba wanda zai yarda da maganar kwamfuta sai an gwada ta da ruwan gaske. Shi ya sa ta tsinci duwatsun gotar, manya da ƙanana, ta auna su, ta shafa musu fenti, ta ba kowanne lamba, ta jera su a wajen gada kafin ruwa. Abin da ya rage ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta ga nisan da kowanne ya yi, wanne ya tsaya a fili, wanne yashi ya rufe. Ruwan da take jira ya zo, ya yi mata aikin yadda take so. Ni kuma na zo na kwashe.

Na ce, “To tashi mu mayar. Ina tune da wuraren. Manyan nan a gindin katanga suke, rawayan can ƙasa.”

Ta ce, “Wanne za ki mayar ina, Kaka? Lambar ma kin goge.”

“Ki sake rubutawa. Wa zai sani?”

Ta dube ni. Ba ta taɓa yi min irin kallon nan ba. Ta ce in ta ba kwamfuta ƙarya, kwamfuta za ta ba masu haƙa ƙarya, su je su haƙa inda ba nan ba ne, ruwa ya shiga ɗakin wani. Ni da nake yi wa yaran layi faɗa kan ƙarya.

Ba ta ɗaga min murya ba. Na so ta ɗaga, da na samu abin riƙewa in ce yaran yanzu ba su da kunya. Ta tattara duwatsun a buhu, ta wanke hannu, ta tambaye ni jikin ƙanwata yadda ya kamata. Da uwarta ta dawo daga kasuwa ta ji labari, ita ma magana ɗaya ta yi.

“Mma, waya fa tana hannunki.”

Jikata ta sake shafa fenti, ta sake jera su a gada. Amma sauran daminar yayyafi aka yi ta yi, irin wanda ke jiƙa shanya kawai. Dutse kamar dunƙulen hannu ba ya motsawa don yayyafi. Ta yi ta zuwa tana dubawa, suna nan inda ta ajiye su, sai leda da ta naɗe su. Ƙaramar daminar da ke biyo baya ma ba ta yi ƙarfi ba. Malaminta ya ce aikin ba zai tsaya ba sai da awon gaske, sai dai ta jira wata shekara.

Da na ji haka na ce to an zo wurina. Laifi in an yi, babba ke ɗaukar goro ya je ya ba da haƙuri, magana ta mutu. 'Yata ta roƙe ni kada in je. Na sa leshina na biki, na fesa turare, na ƙulle farin goro mai kyau a ganye, na hau torotoro, motar hayarmu. Jikata ta tare ni a ƙofar makaranta, kunya kamar ta nutse, amma ta kai ni.

Malamin dattijo ne, mutumin Asante, kansa fari fat. Ya miƙe tsaye da na shiga, ya ba ni kujera, ya sa aka kawo ruwa. Na yi masa magana da yarensu, Tuwi irin tawa ta kasuwa. Na tsara maganar yadda nake tsara ta a wurin sulhu, daga nesa zuwa kusa. Na ce yarinyar nan ba ta yi sakaci ba, ni na yi. Tsohuwa ce jahila ta ga abin da ba ta sani ba. Ban taɓa kiran kaina da sunan nan gaban kowa ba. Na zame daga kujera zan durƙusa, ya yi sauri ya riƙe min hannu.

Ya karɓi goron da hannu biyu. Ya ce, “Maame, da ni aka yi wa laifi, da tun kina bakin ƙofa ya wuce. Zo ki ga wani abu.”

Ya juyo min da fuskar kwamfuta. Sai ga gotarmu kamar an hango ta daga sama, shuɗiya, da kwanarta. Jikata ta nuna da yatsa ta ce nan ne rufinmu. Ya taɓa wani wuri, ruwa ya taho, wasu ɗige-ɗige suka biyo shi suna gudu, suka zo kwanar suka rage sauri, suka taru a gindin katangata, daidai inda na same su da idona.

Na ce, “Ai haka ne! Wallahi nan suka taru. Ni shaida ce.”

Ya yi murmushi. Ya ce ya yarda da ni, amma aikin yana son ya san wane dutse, mai wane nauyi, ya yi wace tafiya. Injin nan yakan faɗi daidai, yakan kuma yi kuskure ba tare da ya nuna alama ba, kuma duwatsun ne kaɗai za su raba. Ya ce in ya sa hannu a aikin da ba a gwada ba, bai taimake ta ba, don sunanta ne a kai duk inda ta je. Ya rako ni har bakin matakala yana ce min in taka a hankali.

A torotoro na dawo ina kallon taga. Ban san a wace fuska zan shiga layi ba, don na faɗa wa mata da safe cewa zan je in gyara.

'Yan ajinsu sun gama. Ranar bikin ta je ta taya ƙawarta gyara riga da hula, ta ɗauke su hotuna, ta dawo min da shinkafar biki a leda. Wurin aikin da ya ce zai ɗauke ta, ƙawar ya ɗauka. Jikata da kanta ta faɗa min, tana cewa gara ita da wani bare. Na ci shinkafar don kada ta ga na bari, amma ban ji ɗanɗanonta ba.

Yanzu damina ta sake matsowa. Duwatsun suna jere a wajen gada da sabon fenti. Na bi gidajen bakin gota da sandata, daga namu har can, na Nima da na tsallaken Maamobi, ina cewa duk wanda ya ga jan dutse ya bar shi inda yake. Kowane gida sai an tambaye ni dalili, kowane gida sai na faɗa, alhali sun riga sun sani, so suke su ji daga bakina. Wani mahauci har cewa ya yi, “Hajiya, in mun gani mu kawo miki ki wanke?” Na bar shi ya yi dariyarsa.

Abin da ban faɗa musu ba shi ne irin ruwan da nake roƙo. Yayyafi ba zai yi wa jikata komai ba. Sai babba, mai jan dutse, irin wanda ke cika gota ya tumbatsa. Ni da duk rayuwata in hadari ya haɗo gabana ke faɗuwa, yanzu in na ga gabas ta yi baƙi sai in ji raina ya yi fari.

Shekaranjiya na leƙa wurin maƙwabciyata mai gawayi. Ɗakinta ya fi kowane ɗaki a layin nan gangarowa, in gota ta cika ita ruwa ke fara gaisarwa. Na same ta tana ɗora ƙafafun gadonta a kan bulo, ta rataye buhunan gawayi a jikin rufi, tana haki. Na kama mata gefe ɗaya muka ɗaga. Da muka gama ta zauna a bakin gadon ta share gumi, ta ɗaga hannu sama.

“Mma Hajiya, Allah ya kawo damina da sauƙi bana. Ƙarami ƙarami, kada ya yi yawa.”

Ta tsaya tana jiran amin ɗina. Na sunkuya ina gyara bulon da bai karkace ba, har sai da ta sake faɗa.